Tsatsar da ke kare ƙarfe: me ke hana ta ɓamɓarewa a cikin matsanancin zafi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maƙeri ya ga baƙin ɓawon nan da ke zubowa daga jikin jan ƙarfe da zarar guduma ta sauka a kansa. Wannan ɓawon ba datti ba ne. Ƙarfen ne da kansa, iska ta ci shi a cikin wuta ta mayar da shi wani abu dabam, shi ya sa duk lokacin da aka mayar da shi wuta aka fito da shi sai ya ɗan rage. To amma a cikin injin jirgin sama akwai ƙananan fuka-fukai da ke shafe dubban sa'o'i suna juyawa a zafin da ya kai digiri 1,000 na ma'aunin Salshiyas ko ya haura, kuma ba sa zubewa haka. Wayar da ke yin ja a cikin hita da dutsen guga ita ma tana shekaru tana aiki.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa irin waɗannan ƙarafa ba sa tsatsa ne. A gaskiya suna yi, kuma da sauri. An haɗa su ne musamman domin su yi wata irin tsatsa siririya wadda za ta lulluɓe su ta tare wa iska hanya. Tsawon ran ƙarfen ya rataya ne a kan ko wannan lulluɓin zai zauna daram ko zai ɓamɓare.

## Kalmomin da ya kamata a fara sani

Gaurayen ƙarfe shi ne wanda aka narka sinadarai biyu ko fiye aka haɗa domin a sami wani hali da ɗayansu ba shi da shi. Waɗanda ake kai wa wuta galibi tushensu baƙin ƙarfe ne, ko nikel, ko kobalt, sannan a zuba musu kromiyam da alminiyam.

Idan iskar oksijin ta haɗu da ƙarfe, abin da ke fitowa shi ake kira oksaid. Tsatsar da kowa ya sani oksaid ce ta baƙin ƙarfe, mai garas-garas, wadda iska ke ratsawa ta ci gaba da ci. Oksaid ɗin da ke iya tsare ƙarfe a babban zafi ba su da yawa, uku ne aka dogara da su: alumina daga alminiyam, kromiya daga kromiyam, sai silika daga silikon. A wannan sharhi za a riƙa kiran su ɓawon kariya.

Kaurin ɓawon kuwa da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Ɓawon alumina mai kyau sau da yawa bai wuce maikiron 1 zuwa 10 ba. Wannan 'yar fatar ce ke tsakanin ƙarfe mai tsada da wutar da za ta cinye shi.

## Ɓawon da ke rage wa kansa gudu

A shekarar 1933 masanin Jamus Carl Wagner ya bayyana yadda irin wannan ɓawo ke girma. Kafin ya ƙara kauri, dole ko dai oksijin ta ratsa shi ta isa ga ƙarfen, ko ƙwayoyin zarra na ƙarfen su ratsa shi su fito wajen iska. Yana ƙara kauri, tafiyar tana ƙara nisa, girman yana raguwa. A misali, idan sa'a 100 ta ba da maikiron 1, sai an yi sa'a 400 kafin a sami maikiron 2, sai sa'a 900 kafin a sami 3. Alumina ta fi kromiya jinkiri, domin ƙwayoyi na shan wuya sosai wajen ratsa ta.

Shekara goma kafin haka, a 1923, wasu masu bincike biyu, Pilling da Bedworth, sun kawo wani ma'auni mai sauƙi: a gwada girman oksaid da girman ƙarfen da aka cinye wajen yin ta. Idan bai kai 1 ba, kamar magnisiyam mai 0.81, ɓawon ba zai isa ya rufe ƙarfen ba. Idan ya haura 2, zai matse kansa har ya tsage. Alumina tana wajen 1.28. Ma'aunin yana taimakawa wajen fahimta, sai dai bai cika ba, domin kromiya ta ɗan haura 2 kuma duk da haka tana kariya sosai.

Masana'antu sun riga ilimin isa wurin. Albert Marsh na Amurka ya yi rajistar haɗin nikel da kromiyam a 1906, wanda a yau aka fi sani da nikel kashi 80 da kromiyam kashi 20, kuma shi ya buɗe ƙofar kayan ɗumamawa na lantarki. A Suwidin kuma Hans von Kantzow ya samo haɗin baƙin ƙarfe da kromiyam da alminiyam, aka kafa kamfanin Kanthal a kansa a 1931. A irin wannan haɗi kromiyam yakan kai kusan kashi 20, alminiyam kusan kashi 5. Kromiyam ɗin yana tare oksijin a farkon ɗumama, ya ba alminiyam damar taruwa a sama ya shimfiɗa ɓawo guda marar yankewa. Ba don shi ba, da sai an zuba alminiyam mai yawan da zai sa ƙarfen ya yi gautsi.

## Hatsarin yana wajen hucewa

Abin da ya fi rikita mai karatu shi ne, ɓawon ba ya cika faɗuwa lokacin da ƙarfe ke cikin wuta. Yakan faɗi ne bayan an kashe injin.

Kowane abu yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, amma ba daidai ba. A ɗauki sandar gaurayen nikel mai tsawon mita ɗaya. Idan ta huce da digiri 1,000, za ta tsuke da kusan milimita 15. Alumina mai wannan tsawon za ta tsuke da milimita 8 zuwa 9 ne kacal. Tun da suna manne da juna, kuma ƙarfen ya fi kauri nesa ba kusa ba, sai ya ja ɓawon ya tilasta masa tsukewa tare da shi. Matsin da ke taruwa a cikin 'yar fatar nan yakan kai gigafaskal 3 zuwa 5, wato ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau dubu 30 zuwa dubu 50.

Akwai kuma matsin girma. Idan sabuwar oksaid ta tsiro a tsakiyar tsohuwa, a tsakanin ƙananan tubalan da suka haɗu suka yi ta, sai ɓawon ya nemi faɗaɗa ta gefe alhali babu wuri. Daga nan ne yake yin tamoji, ya yi tudu da kwari.

Ƙarfin da ke dunƙule a cikin ɓawo yana ƙaruwa ne da kaurinsa. Siririn ɓawo zai jure hucewa sau ɗari bai motsa ba, amma ranar da ya kai wani kauri, hucewa guda ta isa ta watsar da shi. Shi ya sa jinkirin girma da ƙarfin mannewa suke tafiya tare: wanda ya daɗe bai yi kauri ba zai daɗe bai faɗi ba.

Masana sun bambanta hanyoyi biyu na faɗuwa. Idan mannewar ba ta da ƙarfi, ɓawon yakan ɗaga ya kumbura kamar bororo, sannan ya fashe ta gefe. Idan mannewar na da ƙarfi amma ɓawon ne mai rauni, yakan tsage a karkace, tsagewar ta shiga ƙarƙashinsa kamar an buga masa tsinke, ta ɓalle shi. Ƙarfen da kansa yana iya kawo sauƙi. Wanda ke da ɗan taushi a cikin zafi yakan miƙe a hankali ya sassauta matsin, shi ya sa siririn fallen ƙarfe yakan riƙe ɓawonsa fiye da ƙaton gunduma mai tauri.

Faɗuwa ɗaya ba ta kashe ƙarfe. Wurin da ya buɗe yakan yi sabon ɓawo, kamar yadda miki ke yin sabuwar fata. Matsalar ita ce kowane sabon ɓawo yana cin alminiyam ko kromiyam daga ajiyar da ke ƙarƙashinsa. Idan aka yi ta maimaitawa, ajiyar za ta yi ƙasa har ta kasa, sai baƙin ƙarfe ko nikel su fara yin tasu tsatsar mai saurin ci. Daga nan lalacewa takan zo da gaggawa.

## Ɗan abin da ya sauya lissafi

A 1937 wani masanin ƙarafa na Ingila mai suna Pfeil ya yi rajistar wani abu da aka lura da shi a masana'anta: idan aka ɗiga ɗan siriyam a cikin haɗin nikel da kromiyam, wayar hita takan daɗe sosai ko da ana kunnawa ana kashewa. Daga baya aka ga itiriyam da hafniyam da zirkoniyam da lantanam su ma suna yin wannan aiki. Abin da ake zubawa ƙanƙane ne ƙwarai, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin dubu ko ƙasa da haka. Dukkansu suna da ƙwayoyin zarra manya, kuma sun fi alminiyam kansa kwaɗayin oksijin.

Babu mai musun cewa abin yana aiki. Gardamar da aka shafe shekaru da dama ana yi ita ce dalili.

Bayani na farko shi ne na turaku. Idan aka yanka ƙarfen aka duba a madubin ƙara girma, akan ga wasu 'yan yatsun oksaid sun nutsa daga ɓawon zuwa cikin ƙarfen. Masu wannan ra'ayi suka ce su ne ke riƙe shi kamar ƙusa. Hujjar tana da kyan gani, amma an sami ƙarafa da ɓawonsu ya manne sosai ba tare da turke ko ɗaya ba, kuma an ga manyan turaku suna zama mafarin tsagewa.

Na biyu ya dubi ramuka. Yayin da ƙwayoyin alminiyam ke barin ƙarfe su shiga ɓawo, sukan bar guraben da ke taruwa su zama ƙananan ramuka a mahaɗa, kuma duk inda rami yake babu mannewa. Aka ce waɗannan sinadarai suna shanye guraben kafin su taru.

Na uku ya fi zurfi. Ɓawon alumina tarin ƙananan tubala ne da ke manne da juna, kuma iyakokin da ke tsakaninsu su ne hanyar da komai ke bi. Manyan ƙwayoyin itiriyam ko hafniyam sukan tafi su zauna a kan waɗannan iyakoki su toshe wa alminiyam hanyar fita. Sai ya zama oksijin ce kawai ke shiga, sabuwar oksaid ta riƙa tsirowa a ƙasa, a jikin ƙarfen. Girma ya ragu, tamoji ya ragu, ramuka ma haka. Bruce Pint na cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ya tsara wannan bayani a 1996, inda ya nuna cewa ƙwayoyin ba a zaune suke wuri guda ba, suna tafiya ne a hankali daga ƙarfe zuwa bakin iska, kuma amfaninsu na ɗorewa muddin tafiyar ba ta yanke ba.

## Batun farar wuta

A tsakiyar shekarun 1980 wasu masu bincike a kamfanin United Technologies, Smeggil da Funkenbusch da Bornstein, suka juya tambayar. Kowa yana neman abin da ke ƙara wa ɓawo mannewa, su kuwa suka ce mannewar alumina da ƙarfe tana da ƙarfi tun asali, wani abu ne ke raunana ta. Wannan abu shi ne farar wuta.

Kowane ƙarfe yana ɗauke da 'yar farar wuta da ta biyo shi daga ma'adini, ko da kashi 5 ko 10 ne cikin miliyan. A ido ba komai ba ce. Amma a cikin zafi takan yi ƙaura ta taru a mahaɗar ƙarfe da ɓawo, kuma tun da mahaɗar siririya ce ƙwarai, ɗan kaɗan ya isa ya shafe ta. A wannan ra'ayi, babban aikin itiriyam shi ne ya kama farar wuta ya ɗaure ta a cikin ƙarfen don kada ta iso.

Ra'ayin yana da gwaji mai sauƙin fahimta: a cire farar wutar, kada a zuba itiriyam, a ga abin da zai faru. James Smialek na hukumar NASA ya yi haka ta hanyar gasa ƙarfe a cikin iskar haidirojin. Da farar wutar ta sauka ƙasa da kashi 1 cikin miliyan, ɓawon ya manne fiye da da nesa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka samu a duk muhawarar, kuma ta sa masu narka ƙarfen injin jirgi suka fara takura yawan farar wuta a cikin kayansu.

Duk da haka ba a rufe magana ba. Grabke da abokan aikinsa a cibiyar Max Planck ta Jamus sun ce farar wuta ba ta iya zama a mahaɗar da ke manne sosai, tana taruwa ne a bangon ramuka ta taimaka musu su yi girma. Peggy Hou a Berkeley ta Amurka kuma ta kankare ɓawo a cikin na'urar da babu iska, ta auna, ta iske farar wuta a mahaɗar da ba ta da rami. Ga mai ƙera injin bambancin ba shi da yawa, domin ta kowace hanya cirewa ita ce magani.

Inda akasarin masana suka tsaya a yau shi ne, bayani na uku da na farar wuta suna aiki tare. Cire farar wuta yana gyara mannewa amma ba ya rage saurin girman ɓawo. Itiriyam da hafniyam suna yin duka biyun. Kuma akwai iyaka: idan aka zuba fiye da kima, sai su yi tasu oksaid a cikin ƙarfen, su buɗe wa oksijin hanya, ɓawon ya yi kauri da wuri. Saboda haka wasu ke haɗa biyu, kaɗan daga wannan kaɗan daga wancan. Filatinam ma yana ƙara mannewa idan aka shafa shi tare da alminiyam a jikin fuka-fukan injin, sai dai tsadarsa ta sa ba ko'ina ake kai shi ba.

## Laima

Ruwa yana da nasa hannu. An sha ganin ƙarfen gwaji ya fito daga tanderu ya huce lafiya, sannan bayan sa'o'i yana ajiye a kan tebur ɓawonsa ya fara tsalle yana zubewa. Idan aka tsoma shi a ruwa abin yakan faru nan take. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne laima tana shiga ta ƙananan tsagewa ta saki haidirojin a mahaɗa, ta ƙarasa abin da matsi ya fara.

Ga kromiya matsalar ta ɗauki wani salo. Idan zafi ya haura wajen digiri 1,000 tana ƙara haɗuwa da oksijin ta zama iska ta tashi, kuma idan akwai tururi hakan na farawa tun a ƙasa da wannan zafin. Ɓawon yana ƙarewa ta sama ba tare da ya ɓamɓare ba. Wannan ne ya raba aiki: kromiya ga matsakaicin zafi, inda sauƙin walda da araha ke da muhimmanci, alumina kuma ga inda wuta ta fi tsanani.

## Inda abin ya shafi jama'a

A injin jirgin sama na zamani, iskar da ke dukan fuka-fukan farko ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen da aka yi su da shi. Abin da ke cetonsu shi ne iska mai sanyi da ake turawa ta cikinsu, da wani rufi na tangaran da aka yi da zirkoniya (oksaid ɗin zirkoniyam) mai ɗauke da itiriya (oksaid ɗin itiriyam) kashi 7 zuwa 8. Wannan rufin ba a kan ƙarfe kai tsaye yake zaune ba, a kan ɓawon alumina yake, wanda ke girma a ƙarƙashinsa. Idan ɓawon ya kai 'yan maikiron kaɗan ya saki, rufin duka ya tafi da shi. Kowane tashi da sauka zagaye ɗaya ne na zafi da hucewa, shi ya sa ake ƙirga ran sassan injin da yawan tashi, ba da sa'o'i kaɗai ba. Jirgin da ke gajerun tafiye-tafiye ya fi gajiyar da su. Ɓawo mai mannewa yana ba da damar ƙara zafin injin, ƙarin zafi yana rage shan mai, kuma mai da gyara suna cikin manyan abubuwan da ke shiga kuɗin tikiti.

A tashoshin lantarki masu aiki da tururi, matsalar tana cikin bututu, inda ido ba ya gani. Tururi mai zafin kusan digiri 600 yana gina ɓawo a bangon ciki. Idan aka kashe tukunyar ta huce, ɓawon yakan zube ya taru a lanƙwasar bututun ta ƙasa. Da aka sake kunnawa sai tururi ya rasa hanya, bututun ya yi zafi fiye da kima ya fashe, ko kuma ɓarɓashin ya bi tururi ya riƙa goge fuka-fukan injin. Kowanne daga ciki yana nufin a tsayar da tasha ba shiri. Maganin da ake bi sun haɗa da ƙara kromiyam, da yin ƙarfen da tubalan cikinsa ƙanana ne, da feshe cikin bututun da ƙananan ƙwallayen ƙarfe domin kromiyam ya sami hanyoyin fitowa da sauri. Batun yana ƙara nauyi yanzu, domin tashoshin da aka gina don su yi ta aiki ba tsayawa ana yawan kunna su ana kashewa domin cike giɓin lantarkin rana da na iska.

A wasu motoci da babura, na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa an naɗe ta ne da fallen ƙarfe mai kaurin kusan maikiron 50. A nan ajiyar alminiyam ƙarama ce ƙwarai saboda sirantar fallen, don haka ba shi da halin sake gina ɓawo sau da yawa. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, inda bututun zirkoniyam da ke ɗauke da makamashin tashar suka haɗu da tururi mai zafi suka saki haidirojin, masu binciken nukiliya sun koma kan wannan haɗi na baƙin ƙarfe da kromiyam da alminiyam, da kuma shafa wa zirkoniyam kromiyam, domin ɓawonsu ya fi jure tururi.

A gida kuwa, wayar hita ko ta tanderun lantarki takan tsinke ne a wurin da ɓawo ya sha zubewa har ta sirance. Wurin da ya sirance ya fi sauran zafi, zafin yana ƙara saurin ci, har ta yanke. Lanƙwasa tsohuwar waya ko kankare tokar da ke jikinta yana gaggauta hakan, haka ma zubar gishiri ko maiƙo a kanta. Wannan launin toka-toka da ke jikin wayar da ta daɗe tana aiki shi ne ɓawon kariyar, kuma a bar shi yadda yake ya fi a goge shi.